Waziri Giɗaɗo ɗan Laima: Mutumin da unguwar Giɗaɗawa ta gaji sunansa da aikinsa

Sunayen tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato kan faɗa wa mai sauraro aikin da aka kafa su a kansa. Kanwuri na jikin fadar Sarkin Musulmi, Alƙanci ta alƙalai ce, Marina ta masu rini, Galadanci kuwa ta gidan Galadima. A cikinsu akwai Giɗaɗawa, wadda ta ɗauki sunan mutum guda, Usmanu ɗan Abubakar Sambo Laima, wanda duniya ta fi sani da Giɗaɗo ɗan Laima. Shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Daular da Giɗaɗo ya yi wa hidima ta faɗi a hannun Turawan Ingila a 1903. Ganuwar da ta kewaye birnin ta zube, ƙofofinta sun zama sunayen mahaɗar tituna. Amma Giɗaɗawa na nan a tsakiyar tsohon gari, sarautar Waziri ba ta bar zuriyarsa ba, kuma mai neman tarihin jihadi a rubuce har yau sai ya bi ta kan abin da wannan gida ya adana. Rayuwar mutumin da ya kafa gidan ita ke bayyana dalilin wannan ɗorewa.

Daga Ɗegel zuwa Gwandu

An haifi Giɗaɗo wajen 1776. Laƙabin nasa kalmar Fulatanci ce mai ma'anar abin ƙauna. Ya taso cikin jama'ar da ta taru a gaban Shehu a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, ya yi karatu a can, kuma a can ya ƙulla abota da Muhammadu Bello, wanda Giɗaɗo ya girme shi da kimanin shekara 5. Wannan abota ce ta zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa.

A watan Fabrairun 1804 jama'ar ta yi hijira zuwa Gudu. Shekaru biyun da suka biyo baya na yunwa ne da gudu da binne 'yan'uwa. An yi nasara a Tafkin Kwatto a tsakiyar 1804, aka sha kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Neman abinci da mafaka ya kai jama'ar Zamfara, daga can kuma ta fuskanci kwarin Rima. A watan Afrilun 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa a madadinsa, Shehu kuma ya sauka a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Azbinawa da Kabawan da suka juya baya suka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Alwasa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ba nisa da Zauro. Da ƙyar aka tsare Gwandu.

Cikin wannan zama na Gwandu, wajen 1807, aka ɗaura auren Giɗaɗo da Asma'u. Ke nan gidan da daga baya ya haifi Giɗaɗawa a ƙasar Kabi ya fara, lokacin da babu tabbacin jama'ar za ta kai baɗi. Auren ya mai da abokin Bello surukin Shehu, ya kuma haɗa mutum biyu masu son alƙalami a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Tun a waɗannan shekaru aka gane inda baiwarsa take. Jihadin ya fitar da barade irin su Aliyu Jeɗo da Namoda, ya fitar da manyan malamai irin su Abdullahi. Giɗaɗo shi ne wanda ake aikawa. Shi ake danƙa wa saƙo zuwa ga masu tuta na gabas, kuma lokacin da muhawara ta yi zafi tsakanin Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno a kan halaccin yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, yana cikin waɗanda suka yi jigilar maganar. Aiki ne na mai haƙuri da doguwar tafiya, mai riƙe sirri, mai iya isar da magana mai ɗaci ba tare da ya ƙara mata gishiri ba.

Sabon birni da sabuwar sarauta

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Shehu ya koma Sifawa, kuma wajen 1812 ya raba kula da ƙasa gida biyu: yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Bello. A 1815 Shehu ya shigo Sakkwato, ya zauna a sabuwar shiyyar da aka ƙara wa birnin ta yamma, wadda ake kira Sabon Birni, inda Hubbare yake a yau.

Birni ne da aka zana shi bisa tsarin mulki. Kowane babban jami'i ya sami fili ya kafa gida, dangi da almajirai da barori da bayi suka kewaye shi, sunansa ko sunan sarautarsa ya bi wurin. Filin Giɗaɗo ya faɗo kusa da gidan Bello, domin wanda ake nema dare da rana ba a ajiye shi nesa.

Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Abdullahi, wanda shi ne wazirin Shehu, ya iso ya tarar an gama, ya koma Gwandu da ɓacin rai. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, ƙasashen da aka ci suka fara zamewa. Baffa da ɗa ba su daidaita ba sai a Kalambaina, kusa da Gwandu, wajen 1820, lokacin da Bello ya kawo wa Abdullahi gudummawar yaƙi. A tsakiyar wannan ruɗani Bello ya naɗa Giɗaɗo waziri, kuma ya riƙe muƙamin duk tsawon shekara 20 na sarautarsa.

Abin da ƙofa take nufi

Daular Sakkwato ba ta da rundunar din-din-din da za ta tilasta wa Kano ko Bauci biyayya. Tafiya daga Sakkwato zuwa Adamawa ta watanni ce. Abin da ya riƙe masarautun wuri ɗaya shi ne mubaya'a, da wasiƙa, da tsarin ƙofa. Kowace masarauta tana da babban jami'i a Sakkwato wanda ta kansa take ganin Sarkin Musulmi. Galadima ne ƙofar Katsina, Magajin Rafi ƙofar Bauci, Waziri kuwa shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, wato mafi arziki da yawan jama'a a daular.

Ƙofa ce ke karɓar gaisuwar shekara, ta saukar da sarki da tawagarsa idan sun zo, ta saurari ƙarar talakan da ya ga an zalunce shi a gida, ta kai takardar naɗi idan gadon sarauta ya faɗi. Shi ya sa waziri ba ya zama wuri ɗaya. Yakan yi rangadin gabas, ya duba hukuncin alƙalai, ya sasanta rikicin iyaka, ya dawo da rahoto. A wasiƙun Larabci ana kiransa da laƙabi mai ma'anar shugaban maslahohin jama'a.

Wannan aiki ne ya ba Giɗaɗawa halinta. Unguwa ce ta masauki, inda manzon Kano da fataken Zazzau da baƙon Larabawa ke kwance kaya. Unguwa ce ta magatakarda, masu rubuta wasiƙa da masu kwafe littafi, da zaurukan karatu. Yaron da ya tashi a cikinta yana jin labarin garuruwan da bai taɓa gani ba, yana kuma ganin cewa takarda mai hatimi tana iya ɗaga sarki ko ta sauke shi.

Akwai ɓangaren da ba ya kyautuwa a ɓoye. Cikin gaisuwar da masarautu ke aikowa akwai bayi, kuma manyan gidajen Sakkwato, har da na waziri, gandaye da hidimarsu a wuyan bayi suke. Lokacin da malamai ke samu na karatu da rubutu, wasu ne suka biya shi da guminsu, kuma jikokinsu ma 'yan birnin ne a yau. Tarihin unguwar nasu ne kamar yadda yake na masu rawani.

Baƙon da ya sauka a gidansa

Hoton Giɗaɗo mafi fitowa fili daga idon baƙo ya zo ne ta hannun Hugh Clapperton, sojan ruwan Birtaniya ɗan Scotland, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 bayan ya ratso Sahara ta Borno da Kano. Giɗaɗo ne ya karɓe shi, ya ba shi masauki, ya riƙa kai shi gaban Bello. Clapperton ya bayyana shi a matsayin dattijo mai fara'a da ladabi, ya kuma bayyana Sakkwato a matsayin birni mafi cika da ya gani a cikin ƙasar, mai doguwar ganuwa da ƙofofi 12 da ake rufewa da faɗuwar rana.

Ya ga wani sabon masallaci da ake ginawa da kuɗin waziri. Maginin mutumin Zazzau ne, wanda mahaifinsa ya zauna a Masar ya koyo fasahar gini, ya bar masa takardunsa gado. A cikin makonnin nan kuma agana ta kashe wani ɗan Giɗaɗo da yake matuƙar so, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa masa, baƙon ya je ya yi masa ta'aziyya. Clapperton ya bar Sakkwato a watan Mayu da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila George na IV, mai maganar ciniki, da aiko ƙaramin jakada da likita, da hana fitar da bayi ta bakin teku.

Zuwansa na biyu a 1826 ya zo a mugun lokaci. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Borno, al-Kanemi yana shirin tunkarar Kano, Giɗaɗo kuma yana can gabas yana haɗa kan sarakuna. A hanya kusa da Kano suka haɗu. Clapperton na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga al-Kanemi. Bello ya hana su wucewa, baƙon ya fusata ƙwarai, kuma Giɗaɗo ne ya tsaya tsakani yana shan zafin ɓangarorin biyu. Bai saki matsayin gwamnatinsa ba, bai kuma wulaƙanta wanda ya sauka a hannunsa ba. Sarkin Bauci Yakubu ya tare rundunar Borno a farkon 1827. Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun shekarar, baransa Richard Lander ya binne shi a wajen gari, aka kuma bar Lander ya koma ƙasarsu da takardun maigidansa.

Lamarin yamma a hannun Gwandu yake, amma wutarsa ta sha kaiwa Sakkwato. Kabawa sun sake tsayuwa a Argungu ƙarƙashin Sama'ila Karari, sai da rundunonin Gwandu da Sakkwato suka haɗu kafin aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Giɗaɗo ya rayu har ya ga Nabame ya koma gida ya ɗaga tutar Kabi a 1849. Ƙasar da takobi kaɗai ya ci ta kuɓuce tun yana raye, masarautun gabas da aka ɗaure da wasiƙa da rangadi kuwa suka zauna cikin daular har zuwan Turawa.

Bayan Bello

Bello ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, manyan jama'a suka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Tsakanin Giɗaɗo da sabon Sarkin Musulmi babu irin shaƙuwar da ke tsakaninsa da marigayin. Mutumin da ya shekara 20 yana riƙe da sirrin daula, wanda sarakunan Kano da Zazzau suka saba da muryarsa, yana da abin da zai iya tayar da ƙura da shi. Bai yi ba. Ya ja jiki daga hidimar yau da kullum, ya zauna a gidansa na Sakkwato, ya koma ga kula da Hubbaren Shehu da masu ziyara, ya ɗauki alƙalami.

Cikin littattafansa akwai Raudul Jinan, a kan Shehu da karamominsa, da Al-Kashfu wal Bayan, a kan halaye da mulkin Bello. Abin da ya sa masana tarihi ke komawa gare su har yau shi ne jerin sunaye. Giɗaɗo ya rubuta waɗanda suka kewaye Shehu: sahabbansa, limamai, ladanai, alƙalai, marubuta, har da maƙwabtansa na Ɗegel. Ya ga tsarar da ta yi hijira tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san cewa wanda ba a rubuta ba za a manta da shi. Tunani ne na mai unguwa, wanda ya ɗauki al'umma a matsayin mutane masu suna da gida da sana'a.

A ɗaya ɓangaren gidan Asma'u na nata aikin. Tana waƙe tarihin jihadi da karantarwar addini da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma a waɗannan shekaru ta tsara 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa kawo mata daga ƙauyuka su karɓi karatu su koma su koyar. Da haka gidan waziri ya sami ƙofa biyu: ta zaure, inda manzannin sarakuna ke shiga, da ta cikin gida, inda matan karkara ke shiga da 'yar sadakarsu su fita da ilimi.

A 1842 Atiku ya rasu, Aliyu Babba ɗan Bello ya hau, wazirci kuma ya koma hannun Abdulƙadir, ɗan Giɗaɗo da Asma'u. Giɗaɗo ya rasu wajen 1850 yana da shekara 70 da 'yan kai. Asma'u ta yi masa marsiyya, ta kuma rayu bayansa har 1864.

Gadon da ya bari, da nauyinsa

Daga Abdulƙadir sarautar ta bi ta kan Ibrahim Halilu da Abdullahi Bayero, ta iso ga Muhammadu Buhari, jikan Giɗaɗo, a 1886. A zamanin Buhari aka ga iyakar abin da mai ba da shawara zai iya. A 1893, da Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage a naɗa Tukur, waziri ya zartar da umarnin, Kano ta faɗa Yaƙin Basasa. Tsarin ƙofa yana aiki ne muddin na sama yana saurare.

Bayan shekara 10 aka zo ga babbar jarrabawa. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi gabas da niyyar hijira, ya faɗi a Burmi a watan Yuli. Buhari ya tsaya da sauran jama'a, ya nemi fatawar malamai, ya komo birni ya zauna da Turawa bisa sharaɗin ba za a taɓa addini ba, daga baya ya rubuta risala yana kare matakinsa. Har gobe ana muhawara a kan wanda ya fi gaskiya tsakanin mai hijira da mai zama. Abin lura shi ne wazirin ya ga wajibi ne ya bayyana dalilinsa a rubuce ga masu ilimi. Wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidansa an fassara wasunsu aka buga a 1927, suna kuma cikin muhimman shaidu a kan yadda aka ci ƙasar Hausa.

A ƙarni na 20 gadon alƙalamin ya sauka a kan Waziri Junaidu, ɗan Buhari, wanda aka haifa a 1906, ya zama waziri a 1948, ya rasu a 1997. Ya rubuta Tarihin Fulani da littattafan Larabci da dama, ya tara ɗakin karatu na rubuce-rubucen hannu da masu bincike daga ƙasashe suka riƙa yi wa tattaki. A gabansa Murray Last ya zauna a farkon shekarun 1960 kafin ya fitar da littafinsa kan daular a 1967, wanda kaso mai tsoka nasa tarihin wazirai ne. Da taimakonsa kuma Jean Boyd ta tattara ayyukan Nana Asma'u. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala raba sarakuna da ikon gudanarwa. Yau waziri ba ya naɗa sarki a Kano, ba ya karɓar gaisuwar Zazzau. Duk da haka taswirar siyasa ba ta goge tsohon tsarin ba: a Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Arewa akwai mazaɓu masu sunan Waziri, kamar yadda ake da na Magajin Gari da Magajin Rafi da Sarkin Musulmi. Matashin da ke kaɗa ƙuri'a a can yana yin haka ne cikin iyakokin da rabon filaye na zamanin Bello ya fara shatawa.

Matasan da ke bin siyasa a Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu sun saba da tarihin da ke ƙidaya sarakuna da yaƙe-yaƙe. Rayuwar Giɗaɗo tana nuna wani sashe na mulki da ba a cika yi wa kirari ba: wanda ke karanta ƙara, ya ajiye kwafin wasiƙa, ya yi tafiyar wata guda don ya ji ta bakin ɓangare na biyu, ya kuma san lokacin da ya kamata ya koma gefe. Tana kuma tayar da tambayar da gadon gida ba ya amsawa shi kaɗai, ta yadda za a sami irin wannan ƙwarewa a ofisoshin da kowa ke da haƙƙin shiga.

Takardun da suka rage a Giɗaɗawa da sauran tsofaffin gidajen malamai na Sakkwato da Gwandu suna fuskantar gara da damina da gobara, masu iya karanta tsohon rubutun kuma raguwa suke yi. Ɗaukar hotonsu, da tsara su, da fassara su zuwa Hausa aiki ne da jami'o'in jihohin biyu da gwamnatocinsu za su iya, idan an matsa musu. Giɗaɗo ya yi nasa rabon lokacin da ya zauna ya rubuta sunayen maƙwabtan Shehu don kada su ɓace.